Daga ina sabon shiga zai fara sauraron post-punk?

Post-punk wani salon kiɗan rock ne da ya biyo bayan salon punk. Da aka yi wannan tambaya, yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun ce a fara da ƙungiyar mawaƙa ta Joy Division, 'yan Manchesta a Ingila, da faifansu Unknown Pleasures na 1979. Sun ce a kasa kunne ga jitar bes ta Peter Hook, domin ita ke jan ragamar waƙa, muryar Ian Curtis mai nauyi tana biye. Curtis ya rasu a 1980, sauran 'yan ƙungiyar suka zama New Order.

Wanda baƙin cikin faifan ya yi wa yawa, aka ce ya nemi ƙungiyar Gang of Four ta birnin Leeds. Ni kam na fi karkata ga faifan Remain in Light na ƙungiyar Talking Heads, 1980, inda tasirin kiɗan Fela Kuti ya fito fili.