Ƙanena yana barin hodar iblis ya sake komawa: kamu ne ko iskanci?

'Yar Sabon Gari, Gusau:
Assalamu alaikum. Don Allah masu sani ku taimaka mani. Ƙanena yana saro wayoyi daga Legas ya kawo Gusau, a can wurin abokan harka ya koyi shaƙar hodar iblis. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne yakan yi kwana da kwanaki bai taɓa ta ba, kuma ba rawar jiki, ba zawo, ba ciwon gaɓoɓi irin na yaran unguwarmu masu shan tiramol idan sun rasa. Sai barci dare da rana, da cin abinci, da baƙin rai. Amma da kuɗi sun shigo hannunsa sai a neme shi a rasa. Jarin ya kusa ƙarewa. Inna ta ce tunda yana iya bari, to sammu aka yi masa. Baba ya ce iskanci ne kawai. Wa ke da gaskiya?

Malamin jinya, Ƙauran Namoda:
Wa alaikumus salam Yaya, Allah ya ba shi lafiya. Wannan barcin da baƙin ran da kike gani, su ne ciwon rashinta. Rashin tiramol da kodin a jiki yake nunawa, kowa ya gani. Ita hoda ƙwaƙwalwa take kamawa. Akwai wani sinadari, dofamin, da ƙwaƙwalwa ke saki idan mutum ya ji daɗi, sannan ta kwashe shi. Hodar tana hana kwashewar, sai ya taru, mutum ya ji babu kamarsa a duniya. Wanda ya shaƙa, minti 15 zuwa 30 ne abin ya wuce; mai ƙona ta ya zuƙi hayaƙin, da ƙyar yake kai minti 10. Daga nan sai ya faɗo ƙasa da inda ya taso, dole ya nemi ƙari. Shi ya sa kuɗi ba su zama. A hankali abinci da hira da iyali duk su daina yi masa daɗi.

Ki lura da ƙirjinsa. Tana matse jijiyoyin jini, tana iya kawo bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ko ga ɗan shekara 30. Idan ya ce ƙirji na masa ciwo, asibiti nan take, kada a tsaya jiƙa komai.

Baban Yara, Talata Mafara:
'Yata, ku kai shi gidan mari ya yi wata uku, zai dawo hayyacinsa. Mu da can hodar nan a rediyo muke jinta, ganyen da ake yin ta da shi ma a Kolombiya da Peru da Bolibiya ake noma shi. Sai ga shi a 2022 hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ta kama sama da tan 1.8 na hodar a Ikorodu, jihar Legas. Allah ya kyauta.

Wanda ya tuba, Birnin Kebbi:
Baba, a gafarce ni, mari ƙafa yake riƙewa. Ni na sha ta. Ina zaune lafiya lau, sai in ga saƙon shigowar kuɗi a waya, ko sunan wani aboki, bakina ya bushe, zuciya ta hau bugawa tun ban ga hodar ba. Ranar da aka kwance yaron daga mari wayar tana nan, abokan suna nan. Abin da ya taimake ni: yayana ya karɓi katin banki, na canza layi, na daina tafiya ni kaɗai, ina kuma zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa. Na zame a tsakani, ba a kore ni daga gida ba. Da an kore ni da yanzu wani zancen ake.

Malamin jinya, Ƙauran Namoda:
Haka ne. Kuma har yau babu ƙwaya ko allurar da aka amince tana yanke sha'awar hoda, duk wanda ya ce zai sayar maku da ita kuɗinku yake so. Zama ne da likita ana koya masa gane abin da ke tunzura shi. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, kusa da Sakkwato, bai yi maku nisa ba. Addu'ar Inna ta ci gaba, amma a haɗa da wannan. Idan ya fara cewa ya gaji da rayuwa, kada a bar shi shi kaɗai.

'Yar Sabon Gari, Gusau:
Na gode, Allah ya saka. Zancen katin zan fara kai wa Baba yau da dare. Malam, idan ya ƙi zuwa Kware fa, ni zan iya fara zuwa in ga likitan?