Wace kalma za mu ba "kariyoba" da Hausa?

Jama'a, jiya na fara tambaya, yau ma ina neman taimakonku a kan wata kalma da ta hana ni sakat tun hutun da ya wuce: "kariyoba", wato kwas (darasi) da ɗalibin jami'a ya faɗi, sai ya sake shi. Ɗan yayata yana aji uku a Jami'ar Ahmadu Bello, can Samaru. Ya zo gida Tudun Wada jiki a sanyaye, ya durƙusa gaban kakarsa ya ce, "Hajiya, bana na samu kariyoba guda biyu." Tsohuwa ta washe baki ta ce, "Kai madalla! Allah ya ƙaro, ya sa a samu goma baɗi." Yaro ya rasa inda zai sa kansa. Ni kuwa dariya ta ci ƙarfina, amma da na koma ɗaki sai abin ya tsaya min a rai. Jami'ar nan tun 1962 take a garinmu, amma har yau babu sunan wannan abu da uwa za ta ji ta gane.

Kuma ba don Hausa ta gaza ba. Dubi yadda magabata suka yi da sauran. Tsangaya, wurin da almajirai ke zama da alluna, ita aka ɗauko aka ba rukunin sassan da ke ƙarƙashin shugaba ɗaya, yau muna cewa tsangayar shari'a da ke harabar jami'ar ta Kongo ba tare da kowa ya yi tuntuɓe ba. Zango na fatake ne, inda ayari ke sauke kaya, ya zama zangon karatu. Farfesa ya zama shehin malami. Wanda ya ƙago "digirin digirgir" kuwa, duk inda yake Allah ya saka masa. Babu ko ɗaya a cikinsu da aka fassara kalma da kalma. An duba abin ne aka tambayi kai, me ya yi kama da shi a rayuwarmu?

To bari mu fara duba abin kansa, don wasu da suka ba ni amsa jiya sun ce ai "maimaita aji" ne, a wuce wurin. Ba shi ba ne. A firamare in ka faɗi, kai da kujerarka kuke kwana, 'yan ajinku su tafi su bar ka. A jami'a ɗalibi yana wucewa aji na gaba tare da abokansa, kwas ɗin da ya faɗi ne kawai ke bin sa. A yawancin kwasa-kwasai duk wanda ya samu ƙasa da maki 40 cikin 100 ya ci F. Kowane kwas yana da nauyinsa, wanda ɗalibai ke kira yunit. In kwas mai yunit 3 ne ka ci A, wato 70 zuwa sama, ka tara maki 15, don A biyar take. In F ce sifili ka tara, amma yunit ukun nan suna cikin abin da za a raba da shi. Shi ya sa F ɗaya ke jan ji-pi, wato matsakaicin makin ɗalibi, ƙasa kamar an ɗaura masa dutse. Sannan kwas na zangon farko sai zangon farko na baɗi za ka sake shi, ka zauna cikin ƙannenka, ga na sabon ajinka suna jira. Wani lokaci ma lacca biyu su faɗo sa'a ɗaya, ka rasa wacce za ka shiga.

Wani ɗan'uwa ya ce a ce "dako". Na gane inda ya dosa, ya bi Turancin ne sau da ƙafa. Amma ɗan dako kayan wani yake ɗauka, a biya shi, ya sauke a bakin tasha ya kama gabansa. Wannan kaya naka ne, kuma ba mai biyan ka ko sisi. Wata ta ce "goyo". Goyo abin so ne, ba na son a ɓata shi.

Wadda ta fi ba ni sha'awa da farko ita ce "kwantai". Wani ɗalibin aikin gona ne ya kawo ta, ya ce ku je kasuwar Samaru da yamma ku ga tumatirin da bai shiga ba, gobe shi za a fara bajewa kafin sabo. Wallahi hoton ya fito. Kwas ya kwana bai shiga ba, an sake fito da shi. Har na fara cewa an gama, sai wata 'yar'uwa da ta zauna a Amina, ɗakin kwanan ɗalibai mata, ta rubuto min cewa, "Malam, ka san dai abin da ake nufi in an ce mace ta yi kwantai. Kana so a tsaya gaban allon sakamako a ce wance ta yi kwantai biyu?" Na ja bakina na yi shiru. Gaskiyarta. Kalmar tana da ƙaya, kuma samarin ɗakin kwana na Danfodio ba za su bar ta ta huta ba. Ban da haka, kayan kwantai rage musu kuɗi ake yi a rabu da su, shi kuwa kwas ba a yi maka ragi ko na maki ɗaya.

Sai "bashi". Mutane da yawa sun tsaya a nan, kuma suna da hujja. Bashi yana bin mutum duk inda ya je, ba a yafe shi don an daɗe, kuma ba a ba ka takardar kammalawa sai ka biya. Har wani ya jefo karin maganar nan, bashi hanji ne yana cikin kowa, wai don a rage wa masu shi kunya. Matsalar ɗaya ce, na kuma gwada ta da kaina. Na ce wa mahaifin yaron, "Yaya, ana bin ɗanka bashi biyu a makaranta." Kafin in rufe baki ya ce, "Nawa ne? Ba na biya kuɗin rajista ba?" A wurin da kullum maganar kuɗin makaranta da na ɗaki ake yi, kunne ba zai ji bashi ya tuna jarrabawa ba.

Ni dai inda na tsaya shi ne "ramuwa", kuma daga bakin wani dattijo mai gadi na tsince ta, ba daga malaman harshe ba. Ina ba shi labarin a gindin bishiya kusa da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, ya ce, "Af, ai ramuwa ke nan, kamar ta azumi." Ku duba yadda ta zauna. Wanda ya sha azumi ba ya maimaita watan gaba ɗaya, ranakun da ya sha kawai zai rama. Yana yin Sallah tare da kowa, amma ya san akwai abin da ke wuyansa. Ba kuɗi a ciki, ba zagi a ciki, kuma kowane Bahaushe ya san nauyinta tun yana yaro. Ga ta kuma da aikatau a shirye: "Ina da ramuwa biyu." "Bana zan rama lissafi." "Ta rama, ta ci B." Wanda kuma ya kai ajin ƙarshe bai gama ba, abokansa suka tafi bautar ƙasa suka bar shi, wato abin da ake kira sifil-oba, sai mu ce yana shekarar ramuwa, ko zangon ramuwa in zango ɗaya ya rage masa. Kalma ɗaya ta ɗauke biyu.

Na san za a ce akwai ramuwar gayya. Akwai, amma ban ga laifi ba, wanda kwas ya kayar ya dawo ya ci A ai gayyar ya rama. Wani mai barkwanci ma ya ce ko ba a faɗa ba duk mai ita ramewa yake yi. Abin da ban warware ba shi ne jarrabawar da ake sake ba ɗalibi nan take ba sai an jira shekara ba, irin ta wasu fannoni. Wani ya ce a kira ta ba'adi. Na yi dariya, amma malaman fiƙihu su faɗa mana ko ta halatta.

Ranar Juma'a na koma wurin Hajiya da yaron. Na ce, "Hajiya, abin nan da kika yi wa addu'a, ramuwa ce. Darasi biyu ya sha, sai ya rama." Ta ajiye carbi ta dube shi sama da ƙasa.

"To kai da wane uzuri ka sha? Ciwo ka yi ko tafiya?"

Ya sunkuyar da kai ya ce ƙwallo yake buga wa tsangayarsu.