Neman kalma: me za mu kira aisoma ta cibiyar zarra?

Mai shirin kimiyya, Jos: Assalamu alaikum. Gobe ƙarfe 10 za mu naɗi shiri kan hoton asibiti da ake yi da teknetiyam-99m, kuma "m" ɗin nan ya tsaya mini a wuya. Masana na cewa aisoma. Me zan faɗa wa mai sauraro a Bukuru?

Hajiya, ɗakin hoto, Abuja: Wa alaikumus salam. Cibiya ɗaya ce da ta teknetiyam-99 marar "m", firoton 43, niyutiron 56, ba ƙari ba ragi, sai dai rarar ƙarfi da ke jikinta. Yawancin cibiyoyi nan take suke zubar da rarar, cikin kusan kashi ɗaya bisa tiriliyan na daƙiƙa. Ita wannan sai an yi awa 6 rabi ke sauka, da hasken gama mai keV 140 (keV ma'aunin ƙarfi ne) da kyamara ke kamawa. Shi ya sa ake tatso teknetiyam ɗin da ruwan gishiri daga molibdenam-99 da sassafe: allurar ƙarfe 8, kafin ƙarfe 2 rabinta ya tafi, in ta kwana ta yini saura kashi 1 cikin 16. Ni "mai jinkiri" zan ce.

Ɗalibi, Jos: Tagwaye fa?

Hajiya: A'a ƙanena, tagwaye mutum biyu ne. A bar wa aisotof wannan, wato zarrori masu firoton daidai amma niyutiron daban.

Baba mai fassara, Abuja: Garwashiya. Garwashin da aka binne a toka, a tona da asuba a same shi da ransa. Kowace uwa ta san shi. Aisoma kuwa kasala ce, ba fassara ba.

Malamin fiziks, Jos: Baba, misalin ya yi kyau, amma garwashi a hankali yake hucewa. Cibiya ba ta hucewa; tana nan da ƙarfinta cif, ranar da za ta saki ta saki gaba ɗaya. Abin da ke tare ta juyi ne, wato "spin" na cibiya, kamar yadda masanin fiziks ɗan Jamus Weizsäcker ya bayyana a 1936. Ga tantalam-180m: juyinta 9, na matakin ƙasa 1, tazarar ƙarfi keV 77 kacal, hasken gama ɗaya ba ya iya kwashe wannan bambanci cikin sauƙi. Har yau ba a taɓa ganin ta sauka ba, alhali tantalam-180 na ƙasa awa 8 ne rabinsa ke ƙarewa. Tantalam-180m tana ma cikin kolumbait ɗin da ake wankewa tare da kuza a nan Filato, kashi 0.012 cikin 100 na tantalam. Wannan ya wuce jinkiri, Hajiya. "Mai riƙo" ce.

Baba: Da Hausar Jos za a gyara mini kalma? Garwashiya ta bi ƙa'idar ƙirar suna.

Malamin fiziks: Allah ya huci zuciyarka Baba, amma Hausar da aka haƙi kuza da ita ba 'yar aro ba ce. Zarra ma ai daga Larabci muka karɓa, babu wanda ya kira ta kasala.

Baba: Larabci daban.

Hajiya: Ku dawo kan kalma. Riƙo a kunnen mutane gaba ce, majinyaci zai tsorata da allurar. A ce "mai riƙon ƙarfi". Kuma kar a ce duk da gama suke sauka: a teknetiyam kusan 1 cikin 10 ilektiron take tunkuɗowa waje, aisoma ta farko kuwa da masani ɗan Jamus Otto Hahn ya gano a 1921, furotaktiniyam-234m, ta hanyar beta take bi, wato ilektiron ke fita daga cikin cibiyar kanta.

Mai shirin kimiyya: Na gode ƙwarai. Zan ce "cibiya mai riƙon ƙarfi, wato aisoma" sau ɗaya, daga nan "mai riƙo". Garwashin zai shiga a matsayin misali, tare da gyaran Malam.

Baba: To, a yi hakan don gobe, ban dai janye ba. Kuma kar in ji "rabin rai" a shirin nan, wannan awa 6 ɗin ma tana jiran sunanta.