Wa ya naɗa sarki? Musayar baitoci

Bagobirin Tsibiri: Salamu alaikum. Amsa-amonmu na yau "ta" ne, mai iyawa ya biyo ni.

Da sunan Rabbu mai raba sarauta,
Ya ba wanda Ya so, ba a musanta.
Sarki Jemis na Sikotilan a 1598 ya rubuta,
Sarki wakilin Allah ne, kowa ya saurara ya huta,
Talaka nasa biyayya, ko da an cuta.

Hajiya Mai Tawada:

Malam, ka kawo uban, ɗan ka manta,
Calis na Ɗaya da ya kori majalisa, ya rufe ta,
Shekara 11 ba zama, haraji ya tsananta.
A gaban kotu ya ce, wa ya isa ya hukunta
Wanda Allah Ya naɗa? Kotunku ban san ta.
Ran 30 ga Janairun 1649 Landan ta fita,
Gatari ya sauka, magana ta yanke, an gama ta.

Bagobirin Tsibiri: Hajiya, ba a gama ba tukuna.

A 1660 ɗansa ya dawo, Ingila ta karkata,
Gawar Kuromwel, jagoran waɗanda suka kashe uban, aka tono, aka rataye ta.

Almajirin Gwandu: Gafara dai manya, ƙaramin cikinku zai sa baki.

Fir'auna ma mulki aka ba shi, ya ɓata,
Ya ce shi ne ubangiji, teku ta share ta.
Sayyidina Abubakar da aka yi mubaya'a ya furta,
Ku bi ni in na bi Allah, in na saɓa ku janye ta.
Bayarwa daban, yarda daban, Baba, a bambanta.
Yunfa ma da rawaninsa ya fito, ka tuna ta,
A Tabkin Kwatto, 1804, rundunar Gobir ta watse, ta ƙuntata.

Hajiya Mai Tawada: Kai yaro, baitin ƙarshen nan ya yi tsawo, amma ka taɓo inda ke masa ƙaiƙayi.

Bagobirin Tsibiri:

Ɗana, Alƙalawa ta faɗi a 1808, ban musanta,
Amma masu tutar da suka zo gyara ta,
Wa suka bar wa gadon bayan sun kwanta?
'Ya'ya da jikoki, har yau suke riƙe da ita.