Na cire kabad ɗin kicin don in yi kanta buɗaɗɗiya, yanzu katakon ya lanƙwasa

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin harkar katako ku taimaka min, kaina ya kulle. Tun da muka tare a gidan nan kabad ɗin saman kicin yake damuna, na MDF ne, wato allon garin katako da aka matse da gam, tururi ya kumbura ƙasansa, ƙofa biyu ba sa rufuwa, kyankyasai sun samu gida. Maigida ya ce a sake masa fenti kawai, na ce a'a, don ko ƙanwarsa da ta zo hutu sai da ta yi maganar warin da yake yi, ga bikin ƙanwata saura wata ɗaya kuma a gidana 'yan Kaduna za su sauka. Sai na sa aka cire shi gaba ɗaya. So nake in yi irin kantocin nan da ake gani a Instagram, katako mai nuna jijiyarsa, bango fari, a jera fararen faranti da kwalabe da ɗan akushi da faifai, gargajiya amma ta zamani. Na aika 'Yan Katako aka sayo falanki uku masu kaurin inci ɗaya, kafinta ya yanka ya goge ya shafa banish a sama. Ba a kai ga kafawa ba, suna jingine a baranda, yanzu biyu sun lanƙwasa kamar kwale-kwale, ɗaya ya tsage daga baki. Kafintan ya ce idan aka ɗaure a bango za su miƙe. Kuma ni ba na son a ga ƙarfe a ƙasansu, so nake su fito daga bango haka kawai. In bari ya kafa? Kuma me zan jera kada ya zama tarkace?

Usman Kafinta: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki bari ya kafa. Falankin da ya lanƙwasa ba ya miƙewa don an ɗaure shi, sai dai ya fizgo sukurun daga bango ko ya ƙara tsagewa. Abu biyu ne suka haɗu. Ɗanye aka sayar miki, don katakon da ake kawowa daga kudu da ruwansa yake isowa ya tarar da busasshiyar iskarmu. Sannan an shafa banish a fuska ɗaya, fuskar da ba a shafa ba ta riga ta bushe ta tsuke, ɗayar ta riƙe ruwanta, dole ya naɗe. Jinginawar nan kuma ta ƙarasa shi, a kwance ake ajiye katako. Wane ice ne, kuma tsawon kowace kanta nawa?

Ummu Sadiq: Kafin a je ga katako, gidan naku ne ko haya? Bangon bulo inci shida ne ko tara? Akwai tayil? Kuma ina murhun gas yake daga wurin?

Maman Hanif: Ban san sunan icen ba, fari-fari ne marar nauyi. Tsawon ƙafa biyar-biyar. Akwai tayil har rabin bango. Gas ɗin yana kusa dai.

Hajiya Rabi: Fari marar nauyi ko obeche ne ko afara, kuma duka biyun abincin ƙwaro ne, irin wanda za ki wayi gari ki ga garin katako a kan farantinki. Ki ba kafinta ya yi bencin wanki da su, maganarsu ta ƙare. Ki saurare ni da kyau, don wannan aikin ba na kame-kame ba ne.

Madaci za ki saya, ko iroko, mai kaurin inci biyu. Bayan an goge a inji zai dawo wajen santimita huɗu da rabi, kaurin nan shi ne kyan abin. Inci ɗaya idan an goge santimita biyu yake komawa, ko bai lanƙwasa ba ido zai ga kamar kantar shagon kayan masarufi. Faɗin kanta santimita 28 zuwa 30, saboda babban faranti ya kan kai 27. Ta farko ki ɗaga ta santimita 45 zuwa 50 daga kan teburin aiki, don blanda da flas su shige ƙarƙashi. Tsakanin ta farko da ta biyu 32 zuwa 35. Biyu sun isa. Ta uku hannu ba ya kai wa, abin da hannu ba ya kai wa kuwa ƙura ce ke da shi.

Gyaran katakon: samfefa lamba 80, sai 120, sai 180, ana bin jijiya, kada a gicciye ta. A ɗan kashe kaifin gefen. Idan akwai kulli ko ɗan tabo a bar shi, shi ake nema, amma kada ki yarda a ƙona fuskar da wuta ko a sassare ta wai don ta tsufa, maiƙo yana shiga duk wani rami kuma ba ya fita. Sai sila, wato shafin farko mai toshe ƙofofin katako, shafi ɗaya, sannan banish marar sheƙi shafi uku, ana bi da samfefa 220 a hankali tsakanin shafi da shafi. Sama, ƙasa, gefe, da bakin da aka yanka, duka. Mai sheƙi shi ke mayar da aiki kamar ƙofar tsohon ofis.

Usman Kafinta: Hajiya Rabi maganarki daidai, amma inci biyu ma idan ɗanye ne zai murɗe, kuma ya fi daɗewa bai bushe ba. Wata ɗaya ba zai ishe shi ba. Ta nemi wanda ya daɗe a rumfa, ko tsohon katako na ƙofa ko gado da aka kwance, shi ya gama yawancin motsin da zai yi. Idan sabo ne a kwantar da shi a inuwa, a sa sanduna tsakani iska ta ratsa, a ɗora nauyi a sama, a shafa fenti a bakunan biyu don kada su tsage. A yanki guntu a riƙa aunawa duk mako, ranar da nauyinsa ya daina raguwa ya bushe.

Maman Zahra: Ni kam a Kano kanta buɗaɗɗiya wahala ce kawai. Masu hotunan nan ba su san hunturu ba, ba sa suyar ƙosai da manja. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ko taga a rufe ƙura sai ta shiga, ta haɗu da maiƙon suya ta zama danƙo, tsumma ba ya ɗauke ta sai ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke. Ki mayar da kabad, a yi jikinsa da marin bod, allon nan mai jure ruwa, ƙofar firam ɗin katako da gilashi, hannayen baƙin ƙarfe. Kin samu kamannin da kike so, kayanki kuma a rufe. Kullum sai an ɗauko mana abin da bai dace da garinmu ba, ƙarshe 'yar aiki ce ke shan wahala.

Hajiya Rabi: Maman Zahra ƙura ba ta zama a kan abin da ake wankewa kullum. Matsalar masu jera kayan gara ne a kanta su bar su shekara. Kantar ƙasa ta kayan yau da gobe ce: faranti shida zuwa takwas, kofunan shayi, kwanukan miya. Na baƙi da kulolin biki suna kabad ɗin ƙasa. Kuma gilashin da kike faɗa shi ma maiƙo yana kama shi, har ya fi nunawa.

Injiniya Bashir: Kowa na maganar katako, an bar inda haɗarin yake. Dozin ɗin farantin tangaran ya kan kai kilo 8 zuwa 10, ga katakon madaci mai ƙafa biyar shi kansa nauyi ne, ga kwalabe. Kantar da ba a ganin ƙarfenta rodi ne mai milimita 12 ake dasawa a bango ya shiga aƙalla santimita 10, sauran ya shige cikin katakon. Bulonmu kuwa ciki rami ne, fatarsa 'yar santimita uku ce ko ƙasa da haka, kuma da yawa an yi rowar siminti wajen buga shi. Rodin ba shi da abin kamawa, a hankali kantar za ta sunkuyo gaba. Idan dole sai wannan, sai a fasa daidai wurin, a cika ramin bulon da kankare, a jira mako guda, wato tayil ɗin wurin ya tafi ke nan.

Mafi sauƙi a je wurin mai walda ya yi biraket, wato ƙarfen da zai tokare kantar, da falat ba (shimfiɗaɗɗen ƙarfe) mai faɗin santimita 4, kauri milimita 5 ko 6, ƙafar da ke jikin bango ta kai santimita 20 da huda biyu. Uku a kowace kanta, tazara kada ta wuce santimita 60. Fisha (robar da ake cusawa a huda ta riƙe sukuru) milimita 10, sukuru mai tsawon santimita 8, don tayil da filasta suna cin biyu zuwa uku a banza. Kada a sa bolt mai buɗewa a bulo mai rami, fasa shi yake yi. Wajen huda tayil a manna tef, a sa bakin huda tayil, a kashe bugun injin har sai an wuce shi, kuma kada a huda kusa da gefensa. Abu na ƙarshe, kada a huda a saitin soket ko makunni, sama ko ƙasa, nan bututun waya yake bi. Haka ma saitin famfo.

Maman Hanif: Na gode Injiniya, amma gaskiya biraket ɗin nan shi ne ba na so. Kuma katakon ba wai na araha na ce a sayo ba, kafintan ya daɗe yana mana aiki, shi ya yi gadon yara kuma har yau lafiya lau. Ina ganin zafin baranda ne kawai. Ba za a iya jiƙa su a danne da bulo su miƙe ba?

Usman Kafinta: Za su ɗan miƙe, su bushe su koma. Gara a tsaga kowanne gida uku a tsaye, a juya na tsakiya, a haɗa da gam a matse da kilam, a sake gogewa. Amma zai ƙara sirancewa, kuma ƙwaron yana nan.

Anti Balaraba: Kafintocin nan duk halinsu ɗaya. Su karɓi kuɗin madaci su kawo farin katako su shafa masa kala, sai ka kankare ƙasa ka ga fari fat. In ka yi magana su ce haka ake yi.

Usman Kafinta: Anti a yi mana adalci. Mai aiki zai zo yau ya ce jibi yake so, a faɗa masa kuɗin busasshe ya ce an cuce shi. Ɗanyen ne ke samuwa a jibi.

Hajiya Rabi: Ku bar wannan. Maman Hanif, baƙin biraket marar sheƙi a ƙarƙashin jan madaci shi ne ma adon, ba abin ɓoyewa ba ne. In kin matsa, a juya shi ƙafar ta hau sama ta bayan kaya, faranti su rufe ta. A fara shafa masa jan fenti mai hana tsatsa kafin baƙin.

Batun jere kuma, ki manta da irin na ɗakin amarya da ake cika ko'ina har ba masaka tsinke. Ki bar kusan kashi ɗaya cikin uku na kowace kanta fili. Kala uku kawai: fari, ruwan katako, baƙi. Masu nauyi a ƙasa kusa da biraket. A kantar sama ki sa baƙin akushi ɗaya, tukunyar ƙasa irin ta Gwari ɗaya, da faifai biyu a jingine da bango, babba a baya ƙarami ya ɗan rufe shi. A Kasuwar Kurmi za ki samu faifai da akushi da ƙwarya, ki zaɓi faifan da ba a cika masa rini ba. Tsofaffin kwanukan langa na iyaye, farare masu shuɗin baki, sun fi duk wani abin da za ki sayo sabo dacewa da wurin. Muciya da maburgi da ludayi a tsaya su cikin ƙaramar tukunya a kan tebur. Kada ki jera komai tsawo ɗaya, dogo kusa da gajere. Furen roba da allunan nan masu rubutun Turanci, a'a. Fitila kuma LED mai ruwan ɗorawa, 2700K zuwa 3000K, a ƙarƙashin kantar ƙasa. Farar fitila tana kashe kalar katako.

Ummu Sadiq: Ƙari a kan kwalabe: shinkafa, gero da sukari ba matsala, in murfin yana da roba. Wake a sa shi a firiza kwana uku ko huɗu kafin a zuba, in ba haka ba ƙwari za su ƙyanƙyashe a cikin gilashi kowa na kallo. Kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji haske da zafi suna kashe musu kala da ƙamshi, wurinsu cikin kabad. Ƙwarya da faifai kuma nesa da wuta, ƙwarya tsagewa take yi, kaba kuwa ta sha maiƙo shi ke nan. Shi ya sa na tambayi gas. "Kusa" ɗin nan nawa ne?

Maman Hanif: A ƙarƙashin inda kabad ɗin yake ne, ta gefen dama. Amma ai kabad ɗin ma a nan ya zauna bai kama wuta ba.

Injiniya Bashir: Bai kama ba amma ke kika ce ya kumbura. Katako ba ya zama a saman murhu. Kantar ta tsaya aƙalla santimita 40 kafin saitin gas ɗin, ko ta koma wani bangon.

Hajiya Rabi: Ta gajarta su zuwa ƙafa uku, biraket biyu-biyu sun isa, an gama.

Maman Zahra: Ƙafa uku guda biyu me za su ɗauka? Kayan da suka fito daga kabad ɗin fa, ina za su?

Maman Hanif: Suna cikin kwali a ɗakin yara. Na tura wa kafintan duk abin da kuka ce, ya ce shi ya san aikinsa, ranar Asabar zai zo da rodi ya gwada ɗaya mu gani. Hajiya Rabi, idan aka shafa wa waɗannan ɗin kalar madaci ba za su wuce ba, ko zuwa bayan biki?

Hajiya Rabi: Ba za su wuce ba.

Ummu Sadiq: Har yanzu ba ki ce mana gidan naku ne ko haya ba, kafin a fara fasa tayil ɗin mutane.