Ciwon dajin asbestos ya kama Baba, kamfanin kuma ya rushe: wa za mu nema?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifina ya zo Ingila karatu a 1973, kuɗi suka yanke masa, ya shiga aikin gyaran jiragen ruwa a Liverpool. Shekara shida yana ɓamɓare asbestos, abin da aka naɗe bututun tururi da shi. Ya ce in sun tashi aiki kansu fari fat, kamar masu injin niƙa. Daga nan ya yi shekara biyu a wata masana'anta. Watan jiya aka zuƙe masa ruwa a ƙirji, aka yanki tsoka aka gwada, likita ya ce mesothelioma ne, ciwon daji na tantanin da ke lulluɓe huhu, wanda shaƙar ƙurar asbestos ke jawowa. Nas ɗinsa ta ce mu nemi diyya. To kamfanin ya daɗe da rufewa, ko takardar albashi ɗaya Baba ba shi da ita, kuma cewa yake ƙaddara ce, a bar shi ya ji da jikinsa. Ta ina zan fara?

Ɗan Zariya:
Allah ya ba Baba lafiya. Rushewar kamfani ba ta kashe magana, domin kamfanin inshorarsa ake bi. Tun 1972 doka ta tilasta wa masu ɗaukar ma'aikata a nan su yi musu inshora, ga shi Baba ya fara bayan haka. Hukumar haraji, HMRC, tana da jerin duk wuraren da aka cire masa kuɗi a albashi. Da shi lauya zai duba rumbun ELTO, inda ake ajiye bayanan inshorar ma'aikata, ya gano mai inshorar. In an rasa shi, akwai asusun da aka kafa a 2014 don irin wannan. Wurare biyun ma ba matsala: dokar diyya ta 2006 ta ce a wannan ciwon, duk wanda aka tabbatar da sakacinsa ana iya ɗora masa kuɗin gaba ɗaya, su je su sasanta tsakaninsu. Amma wa'adin kai ƙara shekara 3 ne daga ranar da ya san ciwon. Nemi lauyan da wannan ne aikinsa, ba wanda ya yi miki takardun gida ba.

Hajiya Gwaggo:
'Yata, ni maigidana na yi jinya. Kada ki duba shekara ukun nan, ciwon ba ya jira. Mu mun yi nawa, har lauya ya zo ya tarar Alhaji ba ya iya haɗa jimla biyu sai ya huta. Ki zaunar da Baba bayan la'asar da shayinsa, ki kunna waya: wane jirgi, wa ke kula da su, an ba su takunkumi ko a'a, su wa suka yi aiki tare. Maganar bakinsa ita ce babbar hujja. Ki kuma adana sakamakon gwajin tsokar. Duk wanda wannan ciwo ya ɗauka sai an sanar da jami'in binciken mutuwa, kuma takardar nan kan taimaka a saki gawa ba tare da an tsaga ba. Ki yi haƙuri da na faɗa, mu ba wanda ya gaya mana.

Malam Sani:
A gaya wa Baba yarda da ƙaddara ba ta hana karɓar hakki. Diyya ai a addininmu take. Ba roƙo zai yi ba.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai. Na karanta masa, ya yi shiru, can ya ce wai akwai wani ɗan Yaman da suke cin abinci tare, a duba ko yana raye. Abin da ya tsaya min yanzu Umma ce. Ita ke kakkaɓe kayan aikinsa a bayan gida kafin ta wanke, ina tsoron ita ma ta shaƙi ƙurar.

Ɗan Zariya:
Ta shaida wa likitanta, a rubuta a fayil ɗinta.