Wa ke gina dunƙulen sakoidosis: ƙwayoyin T ko makurofaj?

Sakoidosis ciwo ne da ƙwayoyin garkuwar jiki ke taruwa su yi ƙananan dunƙule a huhu da wasu gaɓoɓi. Ƙwayoyin T da makurofaj (ƙwayoyi masu haɗiye baƙin abu) duk na garkuwar jiki ne. Maganar da ta tayar da ƙura a zauren ma'aikatan lafiya 'yan Arewa mazauna Legas: "A ciwon sakoidosis ƙwayoyin T ne masu laifi, makurofaj ɗan aike ne kawai."

Likitan ƙirji, Idi-Araba: Ni dai ina nan kan bakata. Idan aka wanko ruwan huhu aka tarar ƙwayoyin T nau'in CD4 sun ninka nau'in CD8 fiye da sau 3.5, zaton ciwon ya yi ƙarfi. Ƙwayoyin CD4 ne ke fitar da intaferon-gama, sinadarin da ke zuga makurofaj. Ku dubi masu HIV: ciwon bai cika bayyana ba in CD4 ya yi ƙasa da 200, amma yakan ɓullo bayan magani ya farfaɗo da garkuwar jiki.

Mai binciken tsoka, Ikeja: Yallaɓai, a madubin likita makurofaj ne cike da tsakiyar dunƙulen. Sukan canja kama su manne da juna, wasu su narke cikin 'yan'uwansu su zama ƙatuwar ƙwaya mai cibiyoyi da yawa. CD8 da ƙwayoyin B, wani nau'in ƙwayoyin garkuwa, can gefe suke. A 2017 an bar mTORC1, makunnin girman ƙwaya, a kunne cikin makurofaj na ɓeraye, sai ga dunƙule a huhu da fata. Hawan kalsiyam a jini ma, da ke samun kusan 1 cikin 10 na marasa lafiyar, aikinsu ne: suna mayar da bitamin D mai ƙarfi ba tare da birki ba. Don Allah kada a rubuta bitamin D sai an auna kalsiyam, ƙoda ce ke shan wahala.

Likitan ƙirji: Hajiya, ɓera ba mutum ba ne. Kuma intaferon-gama ɗin nan ne ke sa su sarrafa bitamin D ɗin.

Mai binciken tsoka: Na yarda. To wa ya fara miƙa wa ƙwayar T abin da ya fusata ta, ya kuma fitar da IL-12, sinadarin da ke zuga ta? Ai makurofaj ne.

Mai harhaɗa magani, Agege: Iyayena, duka ƙwayoyin biyu suna fitar da TNF, sinadarin da ke riƙe dunƙule, a sakoidosis da tibi baki ɗaya. Nan hatsarin yake a ƙasarmu: ana iya ɗaukar tibi a matsayin sakoidosis. Dunƙulen tibi yakan ruɓe a tsakiya kamar cuku, amma ba kullum ba. Gwajin fata na Mantoux, na gano tibi, kuwa sau da yawa ba ya tashi a mai sakoidosis. Kafin a fara magungunan da ke danne garkuwar jiki, wato prednisolone miligiram 20 zuwa 40 a rana, balle infliximab mai toshe TNF, a tura majina ko tsoka gwajin GeneXpert na gano tibi, a kuma shuka ta a ɗakin gwaji.